Burtalin da Bature Bai Faɗa Ba

Tun da na dawo daga Faransa ban sha shayi cikin kwanciyar hankali ba. Duk wanda ya zauna a fadarmu ta bakin kasuwa sai ya ce, "Mushe, yaya ka baro su?" In na ce lafiya lau, sai a ce in faɗi dalla-dalla. Na maimaita labarin har ya fara sauya kama a bakina, domin shekaranjiya na ji kaina ina cewa ƙanƙara ta kai mini gwiwa, alhali ko ɗigonta ban gani ba. Shi ya sa na ce gara in rubuta shi sau ɗaya, wanda ya tambaya in miƙa masa takarda. Abokanmu na Najeriya su yi haƙuri da sunan: a Maraɗi malamin lakwal, wato makarantar boko, shi ake kira mushe, kuma da ransa.

Sunana Hamisu. Shekara talatin da ɗaya na yi ina koyarwa a ajin ƙarshe na lise, babbar sakandare. Darasina filo ne, wato tunanin waɗansu Turawa da suka rasu shekara ɗari biyu ko ɗari uku da suka wuce, waɗanda suka zauna suka tambayi kansu: wa ya ba sarki iko, me ya sa gona ta zama ta wane, me mutum yake da shi wanda hukuma ba ta isa ta taɓa ba. Sunayensu suna karya harshen yara, sai na raɗa musu na gida. Akwai Mai Gona, Baturen Ingila da ya ce abin da mutum ya zuba wa guminsa ya zama nasa. Akwai Mai Alkawari, wanda ya ce mulki yarjejeniya ce tsakanin jama'a, ba gado ba. Akwai Mai Murhu, wanda ya ce mulki ya zauna kan duwatsu uku, masu yin doka, masu aiki da ita da masu shari'a, in ba haka ba tukunya ta kife. Sai Mai Kasuwa, ɗan Sikotlan, wanda ya ce a bar ciniki ya bi hanyarsa. Duk shekarun nan ban taɓa taka ƙasar ko ɗayansu ba.

Ƴata Rakiya ce ta kai ni. Shekararta biyar a Lyon tana karatu, sai ta aiko cewa wata ranar Alhamis cikin Disamba za ta kare kundinta na dokta a gaban malamai biyar, kuma tana so in zauna a ɗakin. Abin da na sani game da kundin shi ne yana magana kan mutanen nan nawa. Wani zuwa hutu da ta yi ta ɗauki kayena huɗu, waɗanda na rubuta darussana a ciki, na ce ai bita za ta yi, ban sake tambaya ba.

Labarin biza ba zan ba da shi ba, don ina da hawan jini. Uwar Rakiya, Hajiya Zainabu, ta yi kwana biyu tana shirya tsaraba, mafi girma a ciki kilishi ne da aka naɗe cikin takardar siminti. Na hau bas zuwa Yamai, daga can jirgi, muka ya da zango a Kasabalanka, muka sauka Paris da hantsi, ko da yake ban ga ranar da za ta shaida hantsi ne ba.

A wurin duwan, wato kwastan, wata doguwar mata mai gashi kamar gezar masara ta tambaye ni ko ina ɗauke da nama. Ni kuwa na daɗe ina koya wa ƴaƴan mutane cewa ɗan ƙasa nagari ba ya yi wa doka ƙarya. Na ce ƙwarai. Ta sa safar hannu ta kwance takardar, ta sunsuna, ta yi atishawa sau biyu.

Na ce mata da Faransanci, "Madam, wani babban malami na nahiyarku ya ce jama'a sun fi samun alheri in an bar kaya suna ƙetare iyaka."

Ta ce, "Na san shi. A kansa na faɗi jarrabawar filo. Amma ban tuna ya ce nama ba."

Ta ɗaga shi da hannu biyu ta saka cikin wani kwandon shara mai murfi, ta yi mini fatan alheri a Faransa.

Alhaji Lawali ne ya tarye ni, wan Hajiya Zainabu, wanda ya shekara ashirin da wani abu yana sayar da shadda da atamfa a unguwar Goutte d'Or. Da na ba shi labarin, ya daɗe yana kallona.

"Malam, kilishin da Zainabu ta yi oda?"

Na ce shi.

"Aka tambaye ka, ka ce i."

Na ce haka ne.

Ya ce, "Allah ya ba mu ilimi mai amfani." Daga nan muka shiga jirgin ƙarƙashin ƙasa.

Gidan Alhaji yana hawa na biyar, babu na'urar hawa, kuma ƙofar waje ba ta da makulli sai lambobi da ake dannawa. Na rubuta lambobin a takarda, na bar takardar a ɗaki, na yi rabin awa a bakin titi cikin babbar riga da kwat a samanta har wata tsohuwa mai kare ta zo ta buɗe. Unguwar kuwa in ka rufe ido ka ce kana gida: masallaci a lungu, masu gasa masara a bakin hanya, kantunan waya da na aika kuɗi, Hausa da Zabarmanci da Larabci suna tashi. Sai ka buɗe ido sanyi ya mare ka. A kan matakala na haɗu da wani maƙwabci Bafaranshe, na gaishe shi kamar yadda aka koya mini. Na tambayi kwanansa, gajiyarsa, iyalinsa da yadda ya ji da sanyi. Ya saurara har na gama, sannan ya ce ya gode, amma ba ya sayen komai.

Matar Alhaji ta yi mana tuwon semo da miyar kuka. Washegari Alhaji ya ce tunda na zo sai na ɗanɗana cukun mutanen. Ya kawo wani mai laushi cikin akwatin katako. Na ɗauka wani abu ne ya mutu a bayan firji. Na ci loma ɗaya saboda surukuta.

Da rana ina zama kantinsa. Na ga ya sayar wa wata ƴar Mali shadda da wani farashi, bayan ta fita ya sayar wa wata ƴar Kano irinta da wani farashin. Na ce masa Mai Kasuwa ya ce farashi yakan daidaita kansa in masu saye da masu sayarwa sun yi yawa.

Ya ce, "Wannan mutumin naka, ya taɓa sayar da ko goro?"

Na ce malamin jami'a ne, daga baya ya yi aikin duwan.

Alhaji ya ajiye almakashi. "Wanda ya ce a bar kaya su wuce, shi ne ya koma duwan?"

Na ce haka tarihi ya nuna.

Ya ce, "To ka ga wanda ya ci kilishinka."

Ranar Talata na roƙe shi ya raka ni wani babban gini mai ƙubba inda Faransawa suke binne manyansu. A can Mai Alkawari yake. Alhaji ya yarda da kyar, da ya ga ana biyan kuɗin shiga kuma ya ce bai taɓa ganin maƙabarta mai tikiti ba. Muka sauka ƙasa. Ga akwatinsa nan na katako, ga na wani malamin yana fuskantarsa. Na gaya wa Alhaji cewa mutanen biyun nan sun ƙare rayuwarsu suna zagin juna a rubuce, ga shi an haɗa su ɗaki ɗaya fiye da shekara ɗari biyu. Ya ce wata kila azabar kabarinsu ke nan.

Ni dai na tsaya ban san yadda zan yi da hannuwana ba. Ba wurin ɗaga hannu a yi fatiha ba ne, ba kuma wurin da zan wuce kamar ban san shi ba. Na tuna wani zamani na mulkin soja da nake rubuta maganarsa a allo, in goge kafin a buga ƙararrawa, yara su fita da ita a ka. Na cire hulata, sanyi ya shiga kaina, na mayar.

Daren Laraba, ana gobe ranar Rakiya, aka sanar cewa ma'aikatan jiragen ƙasa sun shiga yajin aiki. Jirgina na safe zuwa Lyon yana cikin waɗanda aka soke. Motocin bas sun cika tun kafin mu gama karanta sanarwar.

Alhaji ya nuna talabijin da carbi. "Mutanenka ne suka jawo. Su suka gaya musu kowa sarki ne."

Na buɗe baki in yi masa bayanin haƙƙin ma'aikaci na ya janye hannunsa, darasin da nake yi duk watan Fabrairu, sai na ji bakin nawa yana cewa Allah ya isa. Na kira Rakiya. Ta ce, "Baba, in bai yiwu ba, ba komai." Ta faɗa da irin muryar uwarta, wadda in ta ce ba komai, akwai komai.

Alhaji yana da surutu amma ba ya barin mutum a hanya. Ya yi ta waya, gaisuwa a gajarce, har aka haɗa shi da wani ɗan Maraɗi mai suna Ishaƙa, direba, wanda duk Alhamis yake ɗaukar kaya daga kasuwar Rungis ya kai wa kantunan ƴan Afirka a Lyon. Ya ce kujerar gefensa babu kowa.

Bayan sallar asuba muka isa Rungis. Kasuwa ce da za ka ce gari ne, ga rumfunan nama, ga na kifi, ga na kayan lambu, kowace ta fi filin ƙwallo. Abin da ya ba ni mamaki shi ne babu mai tallar baki. Motocin ɗaga kaya ne kawai suke kai da kawo suna ƙara. A bayan wata rumfa muka sami farar mota ana loda mata doya, ayaba, kuɓewa da kwalayen busasshen kifi. Wani ƙaƙƙarfan mutum mai sanƙo, da zai yi shekara arba'in da biyar, ya juyo ya dube ni. Ya cire safar hannunsa, ya rusuna.

"Mushe. Huɗu bisa ashirin."

Na ce, "Na'am?"

"Abin da ka ba ni ke nan a jarrabawar gwaji. Ishaƙa ne, na layin baya, kusa da taga."

Ban tuna fuskar ba, amma na san hannuna, yakan ba da huɗu. Na shiga motar ina tunanin awa biyar zan yi a hannun mutumin da na kayar.

Ashe babu riƙo a ransa. Ya ba ni labarin yadda ya bi ta Libiya, yadda ya yi shekara shida ba takarda, yadda ya yi ta sammakon layi a ofishin takardu har Allah ya yi. Hanya kuwa shimfiɗaɗɗiya, babu rami, babu shingen ƴan sanda, sai dai wata ƙofa da ake tsayawa a ba na'ura kuɗi ta ɗaga sanda. Ishaƙa ya ce ya fi son ta da namu, don ita ba ta tambayar na goro bayan an biya. Gonaki suna wucewa, kowace da shingenta, babu mutum ko ɗaya a ciki.

Bayan awa biyu ya ratse wani wurin hutawa, ya ce ƙa'idar aikinsu ce. Na duba agogo, na ce Rakiya za ta fara ƙarfe biyu. Ya ce, "Mushe, kai ka koya mana bin doka." Ya sayo mini kofi daga wata na'ura, ɗan kaɗan cikin kofin takarda, ɗaci kamar maɗaci. A nan ya ce yana da abin da ya daɗe yana so ya gode mini a kai.

Ya ce farkon samun takardarsa ya yi aiki a wani ɗakin ajiyar kayan lambu. Duk yamma akan zubar da abin da ya ɗan ƙuje ko ya kusa lalacewa, maigidan kuma, wanda suke kira patoro, ya sa kwaɗo a kwandunan, ya hana ma'aikata ɗauka. Mutane suna da yara a gida, suna kallon tumatir da dankali ana kullewa. Ran nan aka yi taro, Ishaƙa ya miƙe.

"Na ce masa, patoro, babban malamin Ingila wanda ya kafa hujjar mallaka ya ce kayanka naka ne, babu musu. Amma ya ce duk wanda ya shinge gona wajibi ne ya bar burtali don dabbobin wasu su wuce zuwa ruwa, in ya girbe kuma ya bar kala don wanda ba shi da gona. In bai bari ba, shingensa ba shi da hujja. Na faɗi sunan Baturen yadda ka rubuta mana a allo. Mushe, mutumin nan ya yi ja. Kunya ta kama shi, a ce baƙo ya san malaminsu shi bai sani ba. Washegari aka cire kwaɗon. Har yau ma'aikatan wurin suna kwasa."

Na kurɓi kofin da ya riga ya ƙare.

A nan dole in faɗi abin da ban taɓa faɗa a fada ba. Shekarar da na fara koyarwa, littafin Mai Gona guda ɗaya ne a ɗakin karatun lise, kuma gara ta cinye shafuka goma sha wani abu daga tsakiyar babin mallaka. Ina da darasi ranar Litinin. Na karanta abin da ya zo kafin ramin da abin da ya zo bayansa, na cike tsakiyar da abin da na ga ya kamata mai hankali ya faɗa. Burtali da kala daga nan suka fito. Bayan shekara shida wani abokina ya kawo mini cikakken littafin. Na duba wurin. Mutumin ya ce a bar wa wasu abin da zai ishe su, ya ce kada a ɗebi abin da zai ruɓe a hannu, amma babu burtali, babu kala. Abin da ke wurin ma ya fi haka nauyi: a ganinsa ƙasar da ba a shinge ba, ba a nome ba, kusan banza take. Na rufe littafin na sa shi ƙasan akwati tare da wanda gara ta ci. Ɗaliban shekara shida sun riga sun ci jarrabawa da burtali, ga kunya, ga shi kuma nawa ya fi yi mini daɗi. Na ci gaba shekara ashirin da biyar. Masu gyaran jarrabawa ba su taɓa magana ba. Daga baya ma rabinsu ɗalibaina ne.

Ban gaya wa Ishaƙa komai ba. Na ce Allah ya yi albarka, mu kama hanya.

A bakin Lyon akwai wani dogon rami da hanya ta bi ta cikin dutse, a nan muka tarar da duk waɗanda yajin aiki ya hana jirgi. Mun fita daga ciki ƙarfe biyu saura kwata. Ishaƙa ya sauke ni ƙofar jami'a, ya ce zai sauke doya ya dawo. Rakiya tana tsaye a bakin ɗakin cikin doguwar riga baƙa da mayafi ruwan toka, ta rame. Ta durƙusa ta gaishe ni, ta miƙe, ta ɗan ja hanci.

"Baba, kifi ka ci?"

Na ce kifi ne ya kawo ni.

Tsarin abin shi ne malamai biyar su zauna a dogon tebur, ɗaliba ta zauna ita kaɗai a gabansu, jama'a a baya, kuma ba a yarda kowa ya yi ko tari mai ma'ana ba. Rakiya ta yi magana minti ashirin. Ta ce mutanen nan sun ba duniya kalmomin da bayi da talakawa da ƴan mulkin mallaka suka nemi ƴanci da su, kuma da kalmomin nan ne aka ƙwace ƙasar waɗansu. Ta ce aikinta shi ne bin sawun tunanin nan har cikin azuzuwan Afirka ta Yamma, ta ga abin da malamai suka yi da shi da ya iso hannunsu. Ban san lokacin da ta koyi magana haka ba. Ni na san ta tana tsoron kaza.

Malamai uku suka yi tambayoyinsu, ta amsa. Ishaƙa ya shigo a hankali ya zauna layin baya, kusa da taga. Sai na huɗu ya gyara tabarau, wani tsoho mai jan ƙyalle a wuya. Ya ce babi na shida ne ya dame shi, inda ta dogara da kayen wani malamin lise da ta kira Malam H. Ya buɗe shafi, ya karanta. Na ji jimlolina, har da wurin da nakan dakata in sha ruwa, suna fitowa daga bakin wani Bafaranshe a Lyon.

Ya ce, "Na shekara arba'in ina karanta marubucin nan. Babu hanyar shanu a cikinsa, babu kalar hatsi. Ko dai malamin nan bai karanta littafin ba, ko ya ƙaga. Me ya sa za ki gina babi guda kan irin wannan shaida?"

 Ba kunyata ce ta fi damuna ba. Na ga shekara biyar na yarinyar nan a kan teburin, kuma ni na sa mata tsakuwa a ciki.

Rakiya ba ta waiwayo ba. Ta ce, "Gaskiya ne, babu shi a littafin, na kuma faɗi haka a ƙasan shafin. Marubucin ya ɗauki ƙasar da ba a shinge ba a matsayin wadda ba ta da mai ita sosai, kuma mun san abin da aka yi wa mafarauta da makiyaya da wannan hujja. Malamin nan yana koyarwa a yankin da manomi da makiyayi suke zubar da jini saboda hanyar ruwa. A ajinsa akwai ƴaƴan wannan da ƴaƴan wancan a benci ɗaya. Da ya koyar da babin yadda yake, da ya gaya wa wasu daga cikinsu cewa iyayensu ba su da haƙƙi a ƙasar da suka yi ɗaruruwan shekaru suna bi. Sai ya gyara hujjar yadda za ta ɗauki kowa."

Tsohon ya ce, "Duk da haka ya sa wa mutum magana a baki."

Ta ce, "Ya sa. Ban wanke shi daga wannan ba. Abin da babin yake nunawa shi ne tunanin nan bai iso mana yadda aka loda shi ba. An kwance shi a hanya, an ƙara, an rage. Wanda yake son ya san abin da mutanenmu suke nufi in sun ce haƙƙi, sai ya karanta kayen nan tare da littafin."

Tsohon ya yi rubutu, ya ce amsar ba ta gamsar da shi duka ba, amma amsa ce. Ya wuce wata tambaya.

Bayan awa uku aka fitar da mu, malamai suka yi shawara, aka mayar da mu. Kowa ya miƙe tsaye, shugabarsu ta karanta cewa sun ba Rakiya digirin dokta. Aka tafa. Ni ban tafa ba, don hannuwana suna riƙe da bayan kujerar da ke gabana.

Al'adarsu ce ɗaliba ta ciyar da waɗanda suka gama tuhumarta. An gargaɗe ni cewa mutanen Lyon ba su da abin alfahari kamar naman alade, amma ƙawayen Rakiya sun dafa shinkafa da kaza, sun haɗa zoɓo. Ina tsaye da faranti Ishaƙa ya matso.

"Mushe, ashe ba Baturen ne ya faɗa ba."

Na ce ba shi ba ne.

Ya haɗiye lomarsa. "Da ni na rubuta haka a jarrabawa, nawa za ka ba ni?"

Na ce huɗu.

Ya gyaɗa kai, kamar an biya shi wani abu. Ya ce, "To kada dai patoro ya ji," ya tafi ƙarin kaza.

Sai ga tsoho mai jan ƙyalle. Rakiya ta gabatar da ni a matsayin mahaifinta. Ya tambayi sana'ata, na ce ni mai ritaya ne. Ya tambayi sunana, na faɗa. Ya ce, "Da H ake rubuta shi?" Na ce da H. Ya dube ni ta saman tabarau na ɗan lokaci. Sannan ya ciro ƙaramin littafi daga aljihu, ya ce in faɗa masa yadda ake kiran hanyar shanun nan da harshenmu. Na ce burtali. Ya rubuta, ya maimaita sau biyu, bai iya ba, ya zuba mini zoɓo.

Washegari Rakiya ta kai ni yawo bakin kogi. Garin yana da koguna biyu, kuma babu mai wanki ko mai shayar da dabba a ko ɗaya. Muka zauna kan wani benci. Na ce mata ina da magana.

"Abin da kika faɗa jiya ya yi kyau, amma ba hikima ba ce ta sa. Gara ce ta ci shafukan."

Ta ce, "Na sani, Baba. Ina aji uku na je neman takardar haihuwata a akwatinka, na ga littattafan biyu."

"Kin sani, kika tsaya gaban mutane kika kare ni?"

"Gara shafi ta ci, ba ita ta rubuta burtali ba. Kuma shekara shida kawai za ka ɗora mata. Sauran ashirin da biyar ɗin kana da cikakken littafi. Su na kare." Ta gyara mayafinta. "Abin da ban samu ba shi ne inda ka ɗauko shi. Na duba littattafai da yawa."

Na ce ba a littafi yake ba. Mahaifina, kakanta Malam Idi, wanda ya rasu kafin a haife ta, yana da gona a Tibiri. Duk shekara in za a yi shuka yakan auna taku goma sha biyu daga gefen gabas ya ce wannan ba namu ba ne, na masu wucewa ne. In an yi girbi kuma ba ya bari mu koma mu tsince zangarniyar da ta faɗi. Ina yaro ina jin haushin abin, don ni ake sa wa ɗaukar dami. Ranar da na zauna gaban littafi mai rami, abin da ya zo mini ke nan.

Rakiya ta ce da na faɗa mata tun da wuri, da babin ya fi haka. Na ce da na faɗa tun da wuri, da babu babin.

Na dawo ta jirgin ƙasa, don yajin ya ƙare, awa biyu kacal zuwa Paris. Alhaji ya cika mini jaka da shadda ya ce in an tambaye ni a duwan in yi shiru in bar masu hankali su yi magana.

Kwana uku da isowata Maraɗi na tafi lise. Wanda ya gaje ni, Malam Nasiru, ɗalibina ne, kuma da kwafin kayena yake koyarwa. Na same shi a ɗakin malamai, na gaya masa komai, tun daga gara. 

Ya ce, "To Mushe, in cire darasin?"

Na ce kada ya cire. Ya koyar da Mai Gona yadda yake, da mai daɗin da marar daɗin, yara su san shi. Sannan ya kawo burtali da kala a matsayin amsar da wani ya ba shi.

Ya ɗauki alƙalami. "Wa zan ce ya ba shi amsar?"

Na ce ya rubuta Malam Idi, manomi, Tibiri.

Ya rubuta, ya dubi sunan, ya ce, "Mushe, wannan ba ya cikin manhaja."

Na ce shekara talatin da ɗaya yana ciki.